Hagun Lyle

Sau tara ke nan ina biyan kuɗi don a kalle ni ina gudu. Dala ɗari biyar da hamsin kuɗin sansani, ban da ɗakin kwana, ban da mai, ban da abincin da mutum zai ci a tsaye. Ranar da na tura na taran, matata Rhonda tana wanke-wanke, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Vern, mutane na zuwa aiki ne a biya su. Kai kaɗai na sani da ke biya don a bar shi ya yi aiki."

Na ce, "Ba ni kaɗai ba ne, mu tamanin ne."

Ta ce, "To Allah ya ba matan sauran saba'in da taran haƙuri."

Ba ta yi ƙarya ba, shi ya sa na ji haushi. Alƙalancin ƙwallon kwando na kwaleji ba aikin da ake rubuta takarda a nema ba ne. Kowane rukunin kwalejoji da mutum ɗaya mai rabon wasa, shi ke cewa wane zai busa usur a wuri kaza ranar kaza, kuma in bai gan ka da idonsa ba ko sunanka ba zai karanta ba. Inda zai gan ka kuwa sansaninsa ne na watan Yuni. Ya tara ƙungiyoyin 'yan sakandare su biya shi su yi gasa, ya tara mu mu biya shi mu busa musu, a maƙala maka lamba a baya, ka yi ta kai da kawowa kwana uku a ɗakin wasan da ba iska. Wanda ya fara ƙirƙiro wannan dabara, ina fata ya mutu da kuɗi, don ya cancanta.

Ina ɗan shekara ashirin da bakwai na fara, wasan yara a coci, dala goma sha biyar da gwangwanin lemo. Daga nan makarantun sakandare, inda iyaye suka koya mini sunayen da ban san ina da su ba. Daga nan ƙananan kwalejoji, nan kuma na maƙale shekara goma sha biyar. Dala ɗari da tamanin da biyar kowane wasa. Ba albashi, ba fansho, ba kuɗin asibiti, in gwiwarka ta tashi aiki kai da gwiwarka. Ka cire man tafiyar awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa, ka cire rabin yinin da ka bari a wurin aiki, don ni ke kula da sikelin auna motoci a rumbun hatsin garinmu, sai ka ga abin da ya rage bai wuce ka kai matarka cin abinci sau ɗaya ba. A hawa na sama kuwa, rukunin manyan kwalejojin da Merle Tackett ke rabawa, wasa ɗaya dala dubu ɗaya da ɗari takwas ne. Fili ɗaya, kwando ɗaya, zagin ma iri ɗaya.

Bara da aka tashi daga sansani Tackett ya kira ni gefe. Ya ce, "Kubicek, idonka na da kyau. Ka rage tumbin nan ka dawo baɗi. Amma ka sani, ba na ɗaukar sabon mutum da ya kai hamsin." Shekarata arba'in da tara ke nan bana. Na bar giya, na bar soyayyen dankali, na yi ta zagaye filin makarantar garinmu har sai da na huda sabon rami a bel ɗina. Na kuma gaya wa mai rabon wasanmu na ƙananan kwalejoji kada ya sa ni a Asabar ɗin Nuwamba da Disamba, ko Tackett zai buƙace ni. Ya yi dariya a waya ya ce to, ranka ya daɗe.

Abokin tafiyata Lyle Ostrander, mai sayar wa manoma inshora. Shekara uku na girme shi. Dogo ne siriri, rigar alƙalanci na zama masa kamar a jikinsa aka ɗinka, in yana gudu kuma sai ka ce ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Shekara goma sha ɗaya muna mota ɗaya. Ni tuƙi, shi surutu da zuba mini ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin kujera. Na san sunan duk manomin da ya taɓa yi masa ƙaryar ƙanƙara ta kashe masara, shi kuma ya san duk faɗan da muka taɓa yi da Rhonda, har wanda ita ta manta.

Shekara biyu da suka wuce, a watan Fabrairu, wani ɗan wasa ya taho ta hagun Lyle ya banke wani, taku biyu daga inda yake tsaye, bai busa ba. Koci ya kusa cin rigarsa don haushi. Da muka shiga mota bai buɗe gyaɗarsa ba. Sai da muka wuce gari biyu ya ce, "Vern, ban gan shi ba."

Na ce, "Kowa na kuskure, mutumina."

Ya ce, "Ba ka gane ba. Ba wai na gani na rasa yadda zan yanke ba. Babu shi ne sam. Sai da ya faɗi na ji ƙara."

Hawan jinin ido ne, in ji likita. Yana cin idon hagu daga gefe, a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Gaba yana gani tar, har lambar motar da ke can nesa zai karanta maka. Amma daga kafaɗarsa ta hagu zuwa baya duniya ta ƙare. Ya ce, "In wani ya ji, na gama. Ka san ba kora za a yi ba, wayar ce kawai za ta daina shigowa." Na sani. Haka ake sallamar mu, ba takarda, ba na gode.

Mu uku ne a fili, kowa da shiyyarsa: ɗaya a ƙarƙashin kwando, ɗaya a gefe, ɗaya a baya. Abu na farko da ake dasa wa sabon shiga a kai shi ne kada ka busa a shiyyar ɗan'uwanka. In kana kallon tasa, to wa ke kallon taka? Kuma in ka busa a gabansa ka gaya wa duk ɗakin cewa makaho ne. Shekara ashirin ina kiyaye wannan doka kamar addini, sai ga shi na karya ta a wasan da ya biyo baya, ba tare da mun yi shawara ba. Aka taɓa wani a hagun Lyle, na busa, shi kuma da jin usur ya ɗaga dunƙulen hannunsa sama, alamar da muke yi in an yi laifi, kusan tare da ni. Duk wanda ke kallo zai rantse mu biyu muka gani. Daga ranar haka muka zauna. Rabin idona a shiyyata, rabi a hagunsa. Kakar wasa biyu, wasa kusan sittin, ba wanda ya lura, don a ƙananan kwalejoji ba mai zama ya duba bidiyo sai in an yi dambe. Na gaji da abin ƙwarai, amma ban taɓa faɗa masa ba.

Ranar Juma'a muka kama hanyar sansani, awa biyar, alkama dama alkama hagu. Na ce masa, "Wai kai me za ka je yi? Ka bar kuɗinka a aljihu mana."

Ya ce, "Shekara takwas ina zuwa. In ban zo bana ba sai a ce me ya samu Lyle. Ni rakiya na zo, tsoho. Na zo in ga yadda za ka yi gudu ba tumbi, ko iska za ta ɗauke ka."

"Allah dai ya sa kada a haɗa mu wasa ɗaya."

"Mu tamanin ne, ina za a haɗa mu?" Ya ɓare gyaɗa ya watsa ɓawon inda ya saba. Can ya ce, "Ko an haɗa mu, Vern, ka bar hagun nan. Kana ji na? Naka ne bana. Ka tsaya a shiyyarka, abin da ya wuce ni ya wuce."

Na ce, "Ai ko ba ka faɗa ba."

Juma'a da yamma na yi wasa uku da mutanen da ban sani ba, kuma rabon da in ji daɗin busa irin na ranar har na manta. Idona duka biyu nawa ne. Ɗaya daga cikin masu sa ido, tsofaffin alƙalan da Tackett ke zaunarwa a bakin fili da takarda, ya bi ni har wurin shan ruwa ya ce, "Lamba talatin da ɗaya, ka riƙe haka." Na kira Rhonda na faɗa mata. Ta ce madalla, injin wanki kuma ya sake yin ƙara.

Asabar da safe aka liƙa jerin wasanni a bango. Ƙarfe goma, fili na ɗaya, wanda Tackett ke zama da kansa: lamba talatin da ɗaya, lamba arba'in da huɗu, lamba shida. Arba'in da huɗu Lyle ne. Shida wani ne daga Omaha mai suna Desmond, malamin makaranta, mai kirki, ba ruwansa da labarin nan. Daga baya na ji cewa da gangan Tackett ya yi. Ya ce ya san mun daɗe tare, yana so ya ga kowa a inda ya fi sakewa. Alheri ya yi mana, a ganinsa.

Lyle ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Ka tuna abin da na ce."

Tackett gajere ne mai furfura, kullum da kofin kofi wanda ban taɓa ganin ya kurɓa ba. Ya zauna a kujerar roba daidai tsakiyar fili, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Aka jefa ƙwallo.

Minti shida na farko lafiya lau. Sai wani dogon yaro ya kutso ta gefe, ta hagun Lyle, mai tsare shi ya sa hannu ya dafe masa gwiwar hannu. Ƙaramin abu ne, amma laifi ne. Na gani. Na cije usur da haƙori har na ji robar ta lotsa, ban busa ba. Ƙwallon ta shiga kwando duk da haka, ba wanda ya ce uffan. Na ce a raina ka gani, Vern, duniya ba ta tashi ba.

Na biyu bai tsaya jiran shawarata ba. Aka janye rigar wani a wuri ɗaya, kafin in yi tunani na ji ƙarar usur, sai daga baya na gane bakina ne. Hannun Lyle ya tashi sama tare da nawa, kamar yadda ya saba tashi kaka biyu. Muka haɗa ido. Fuskarsa ta yi fari, tawa ban san launin da ta yi ba. Na tafi teburin masu rubuta maki na ba da lambar mai laifi, na hango alƙalamin Tackett yana motsi.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Lyle ya matso kusa yana goge wuya da tawul, ya ce ƙasa-ƙasa, "Me kake yi haka? Ba mun gama magana ba?"

Na ce, "Kai me ya sa ka ɗaga hannu?"

"Ban sani ba. Shi ya tashi."

"To ni ma shi ya busa."

Desmond ya ce, "Lafiya dai, manya?" Muka ce lafiya.

Na koma fili da niyyar ko harbi aka yi a hagun Lyle ba zan juya ba. Na riƙe har saura minti huɗu. Sai aka ƙwace ƙwallo, wani ɗan siririn yaro ya ruga da ita, ya tashi sama zai jefa, wani ƙato ya zo ta bayansa, ta hagun Lyle, ya shige ƙarƙashinsa. Yaron ya juya a iska ya sauko da baya. Har daga inda nake na ji ƙarar faɗuwarsa. Lyle na tsaye taku uku daga wurin, fuskarsa na kallon kwando, yana jiran ƙwallon da ba ta taho ba.

Wannan karon ba bakina ba ne, ni ne. Na samu daƙiƙa ɗaya cikakkiya, na san abin da nake yi, na san wanda ke kallo. In na yi shiru, duk ɗakin zai ga yaro a ƙasa da alƙali a kansa bai busa ba, kuma kafin azahar kowane mai rabon wasa a jiha uku ya ji. Daga can tsakiyar fili na busa da duk iskar da ke ƙirjina. Hannun Lyle ya tashi.

Yaron ya miƙe, ba abin da ya karye. Aka ƙare wasa. Tackett ya kira mu uku kusurwa kamar yadda ake yi, muna ta haki, zufa na ɗiga a katako. Ya yi wa Desmond magana biyu kan tsayuwa ya sallame shi. Sannan ya dubi takardarsa ya daɗe.

Ya ce, "Arba'in da huɗu. Yaron nan da ya faɗi, ka gani?"

Na ji numfashin Lyle a gefena. Ya ce, "Na gani, yallaɓai."

"Na ga hannunka. Wancan na ɗazu fa, na jan riga?"

"Na gani, yallaɓai."

Tackett ya gyaɗa kai ya juyo gare ni. "Talatin da ɗaya. Mutuminka na tsaye a kan abu, ya gani, hannunsa a sama. Me ya kai bakinka shiyyarsa har sau biyu? Kana ganin bai iya ba ne?"

Amsar na bakina, kalma huɗu ce: ba ya ganin hagu. Da na faɗe ta da Tackett ya gane ba zalama ba ce, ƙila ma ya ce wannan ne mutumin da nake nema, mai ganin shiyya biyu. Na dubi takalmin Lyle. Sabo ne, ya saya don rakiyar da ya ce ya zo yi.

Na ce, "A'a, yallaɓai. Ya iya. Ƙwallo na bi da ido, na bar shiyyata."

Ya ce, "Shekara ashirin da biyu kana busa, har yanzu kana bin ƙwallo da ido?"

"Haka ne, yallaɓai."

Ya rufe takardar. Ba faɗa, ba ɗaga murya, da ma ya yi da na fi so. Ya ce, "Ka rage tumbin, na gani. Na gode da ka zo, Kubicek." Sau tara ina zuwa bai taɓa gode mini ba sai ranar.

Akwai sauran wasa huɗu a jerina, na yi su duka, don na biya. Lahadi muka kama hanyar gida. Lyle ya sayi gyaɗa a gidan mai amma bai buɗe ba. Bayan awa biyu ya ce, "Vern, da na ce ban gani ba..."

Na ce, "Da an tambaye ka me ya sa."

"Zan kira shi. Gobe zan kira shi in faɗa masa."

"Ka kira shi."

Bai kira ba. Ban yi tsammanin zai kira ba, kuma wallahi ban san ko ina so ya kira ɗin ba. Na koma sikelina, lokacin girbin alkama ne, motoci layi har titi, ba a samun damar tunani sai in an tashi. Rhonda ba ta tambaye ni komai ba. Ta soya mini dankali a daren da na dawo, na cinye.

Farkon Agusta Tackett ke tura saƙo ga waɗanda ya ɗauka. Wanda bai ɗauka ba ba ya samun komai, kai za ka yi ta duba waya har ka gane da kanka. Mako na biyu ina zaune a rumfar sikeli da rana tsaka sai ga motar Lyle, matarsa ke tuƙi. Ta tsaya a inuwa, shi ya tako. Ya tsaya a bakin taga inda direbobi ke karɓar takarda, bai shigo ba.

Ya ce, "Ya ba ni wasa shida."

Na ce, "Na taya ka murna."

"Kada ka yi mini haka, Vern."

"Me na yi? Murna na taya ka. Dubu ɗaya da ɗari takwas sau shida, ka iya lissafi, kai ne ɗan inshora."

Ya ce, "Cewa ya yi ba abin da ya wuce ni a wasan nan. Ya ce ya daɗe bai ga mai natsuwa irina ba." Ya yi wata dariya mara daɗin ji. "Me zan yi?"

Na ji haushi ƙwarai. Na so in ce masa ya je ya faɗi gaskiya, na so in ce ya mayar da wasannin, na so in ce wasannina ne. Amma ko ya mayar ba ni za a ba, Tackett ya riga ya gode mini. Kuma na san Lyle. Shi ma shekara ashirin yana cin burodi a mota don ranar nan.

Na ce, "Can akwai bidiyo a kowane wasa, Lyle. Kamara shida. Wa zai duba maka hagu?"

Ya ce, "Zan riƙa juya kai. Ina ta gwadawa a gida, in na karkata kafaɗa haka ina rufe fiye da rabi." Ya karkata ya nuna mini, a nan bakin taga, babban mutum mai jikoki biyu. Wata mota ta hau sikeli ta yi oda. Na ce ya matsa in yi aiki.

Wasansa na farko Asabar ce ta biyu a Nuwamba, ƙarfe biyu na rana, tafiyar awa shida. Ranar Laraba ya kira. Ya yi ta zagaye, yanayi, farashin masara, wani manomi da ya ce guguwa ta ɗauke masa rufin da tun bara ba rufi. Can ya ce matarsa na da aiki ranar, shi kuma likita ya hana shi tuƙi a babbar hanya. Ya ce, "Na san kana da wasa..."

Ya san ba ni da wasa. A motata na faɗa masa na bar Asabar ɗin nan a buɗe saboda Tackett.

Rhonda ta ce, "Kada ka ce mini za ka."

Na ce, "Shekara goma sha ɗaya ni ke tuƙi."

Ta ce, "Ka karɓi kuɗin mai dai." Ban karɓa ba, shi ma bai yi tayi ba, don a tsakaninmu sai ƙarshen kaka ake raba mai.

Ɗakin wasan na ɗaukar mutum dubu bakwai. Lyle ya shiga ta ƙofar baya inda wani mai jaket ya duba sunansa ya ce barka da zuwa, yallaɓai. Ni na zagaya gaba na bi layi na sayi tikiti, dala goma sha takwas. Tun da na fara busa ban taɓa biyan kuɗi na kalli wasa ba. Kujerata na can sama, tsakanin wata tsohuwa mai saƙa da wani mutum da ya shafa wa fuskarsa shuɗin fenti.

Suka fito su uku. Lyle ya fi sauran biyun kyau a rigar, ba ƙarya. Ya yi gudu kamar yadda ya saba, yana karkata kafaɗa, yana juya kai, in ba ka sani ba sai ka ce salo ne. Ban kalli ƙwallo ba ko sau ɗaya. Ban san wa ke ci ba. Na ce wa kaina na zo ne in ga ya faɗi, daga baya na ce na zo ne in ga ya tsira, duka biyun kuma gaskiya ne.

Minti goma sha ɗaya ya riƙe. Sai wani ya yanko ta gefe, ta inda na sani, mai tsare shi ya sa ƙugu ya ture shi ya fita daga fili da ƙwallo da komai. Taku biyu daga kafaɗar Lyle. Ɗayan alƙalin da ke baya ya gani, na ga ya gani, amma mutum ne mai tarbiyya, ya tsaya a shiyyarsa yana jira. Lyle na kallon gaba.

Mutum dubu bakwai suka ɗauki ihu. Sai na ji ana ja mini riga ta baya. Ashe a tsaye nake, dunƙulen hannuna a sama, kumatuna a cike da iska, ba komai a bakina. Can ƙasa Lyle na juya kai dama da hagu yana neman abin da ya faru, sannan ya ɗaga ido yana dube-dube a cikin jama'a.

Mai jan rigar ya ce, "Malam, zauna mana, ka tare mana. Ai alƙalai na ƙasa."

Na sauke hannuna na zauna. Saura minti ashirin da tara a wasan, da awa shida na hanya.